Daga Gadarif zuwa Bur Sudan: abin da ke hana gaɓar Bahar Maliya riƙe 'yan kasuwa

Duk wanda ya taɓa raka motar riɗi daga Gadarif da ke gabashin Sudan zuwa Bur Sudan, garin da jaridu ke rubutawa Port Sudan, ya san Akaba, wato gangarar duwatsun da ke kan hanyar. Ka wuce Kasala, ka wuce Haya, ka kai Sinkat can saman duwatsu, sai hanya ta fara gangarawa kwana bayan kwana har ta sauke ka a filin da ke fuskantar Sawakin. Kafin gangarar direbobin tirela kan tsaya su duba birki, su ƙara ruwa, wani ya shimfiɗa darduma ya yi raka'a biyu. A nan motarmu ta lalace a shekarar da kawuna ya fara ɗora ni a kan kayansa. Ƙarfen da ya karye babu shi a Sinkat, sai da yaron mota ya bi wata motar zuwa Bur Sudan ya sayo. Kwana uku muka yi a bakin hanya muna shan jabana wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Beja, mai daka gahawarsa da citta. Kafin nan mun riga mun zubar da kwana biyu a shingaye, kowanne da rasit ɗinsa. Ko da muka iso, jirgin da aka kama mana wuri a cikinsa ya tashi. Kaya suka zauna jiran na gaba, kuɗin zaman fili, wanda a nan ake ce wa ardiya, yana hawa kowace safiya. Mai saye kuma ya aiko cewa zai karɓa, amma ba a farashin farko ba.

Na kira kawu raina a ɓace, na ce: "Kawu, ai riɗin nan bai canja ba. Fari tas, ko tsakuwa ɗaya babu a ciki."

Ya ce: "Ɗana, mutumin nan riɗi ya saya haɗe da rana. Riɗin ka kai masa. Ranar fa?"

Tun daga lokacin, duk sanda na ji an sanar da wata yarjejeniyar biliyoyin daloli a kan gaɓarmu, tambayar kawu ce ke dawo mini. Mai son kafa injin matse mai, da kamfanin jiragen ruwa da ke tunanin sa Bur Sudan cikin jadawalinsa, da ɗan kasuwar Chadi mai neman ƙofar teku, duk lissafi ɗaya suke fara yi: in na ɗora kaya yau, yaushe za su isa, kuma nawa zan biya daga nan zuwa can ba tare da an ɓullo mini da wani kuɗi a tsakiyar hanya ba? Tashar jiragen ruwa ƙarshen igiya ce. Igiyar ta faro tun daga gona da kasuwar dabbobi da dajin ƙaro, ta biyo ta kwalta da layin dogo da sito da ofishin kwastan, kuma inda ta fi rauni nan take tsinkewa.

Ta fuskar wuri kam, Allah Ya yi wa Sudan baiwa. Gaɓarta ta kai kimanin kilomita 850 a kan hanyar da jiragen Asiya ke bi zuwa Turai ta mashigin Suwez. Jidda na can ƙetare, ƙasa da kilomita 300. A bayanta akwai maƙwabta huɗu da ba su da teku: Habasha, Sudan ta Kudu, Chadi da Afirka ta Tsakiya. Kusan kashi 90 cikin 100 na cinikin Sudan da ƙasashen waje ta Bur Sudan yake bi. Tashar kanta kashi-kashi ce: ta arewa ta kayan gama-gari, ta kudu ta kwantena, Koriyar Tasha, wato Green Port, ta kayan zube irin su alkama da taki, sai Al-Khair ta man fetur da aka tace. Kudu da gari akwai Basha'ir, inda ake loda ɗanyen mai, gaba kuma, kimanin kilomita 60 daga gari, Sawakin mai fasinja da dabbobi. A takarda babu abin da ya rage.

Sawakin ba baƙuwarmu ba ce. Ta nan kakanninmu suka riƙa tsallakawa zuwa Hajji, wasu bayan shekaru suna tafe a ƙasa daga Kano da Sakkwato da Katsina, suna yada zango su yi noma ko su tsinci auduga a Jazira har kuɗin jirgi ya haɗu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. A daidai waɗannan shekaru ne Turawan Ingila suka yanke shawarar barin Sawakin, saboda mashigarta ƙunci ce tsakanin duwatsun murjani, manyan jirage masu tururi ba sa iya juyawa. A 1905 suka fara gina sabuwar tasha a wani lungun teku da ake kira Marsa Shaikh Bargut, aka buɗe ta a hukumance a 1909. Abin lura shi ne layin dogo daga Atbara ya riga ya iso gaɓa tun 1906. Ba don ƙaunarmu suka yi ba, auduga suke so ta isa masaƙun Ingila. Amma sun gane cewa sai an haɗa cikin ƙasa da bakin teku kafin tasha ta yi amfani. Layi ya kai Al-Ubayyid, cibiyar ƙaro, kafin yaƙin duniya na ɗaya. Ya kai Kasala a 1924, Gadarif a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929. Bayan samun 'yancin kai ya isa Nyala a 1959. A wancan lokaci mutum na iya ɗora gyaɗa a kudancin Darfur ya sauke ta a gindin jirgin ruwa ba tare da ta hau mota mai nisa ba.

Rushewar wannan layi ita ce, a ganina, babbar asarar gaɓar Sudan, kuma ba a rana ɗaya ta faru ba. Faɗinsa milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layin Legas zuwa Kano, ƙarafunsa marasa nauyi, galibinsa layi ɗaya ne da jirage ke jiran juna a tashoshi. Irin wannan layi yana buƙatar kulawa kullum. A 1980 aka kammala kwaltar Khartum zuwa Bur Sudan ta Wad Madani da Gadarif da Kasala, kusan kilomita 1,200, sai kaya suka fara komawa kan tirela. A 1981 ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda ƙungiyarsu a Atbara ta fi kowace ƙarfi a ƙasar, suka shiga yajin aiki, shugaban ƙasa Numairi ya rushe ƙungiyar. Tun daga nan gwamnatoci suka riƙa kallon hukumar jirgin ƙasa a matsayin gidan 'yan adawa. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na 1989 an sallami dubban ƙwararru da sunan maslahar jama'a. Takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya zo ya tarar da kawunan jirage ƙirar Amurka, ya hana su kayan gyara. Yau layin Atbara zuwa Bur Sudan na nan yana ɗan motsi, amma na gabas, wanda ya bi ta Haya da Kasala da Gadarif, an daɗe da daina jin ƙarar jirgi a kansa.

Abin da jirgin ƙasa ɗaya zai ja, sai an tara tireloli da dama kafin su kwashe. Kowace da direbanta da yaronta, da gas ɗinta da ake sayowa da dala, da tayoyinta da zafin hanya ke cinyewa. Don a rage asara sai a yi mata lodin da ya wuce ƙima, nauyin ya fasa kwalta, kwaltar ta karya motar. Da damina kuma rafukan da ke gangarowa daga duwatsu kan yanke hanya, motoci su yi layi suna jiran ruwa ya janye. An gina hanyar Atbara zuwa Haya, ta rage wa mai zuwa daga Khartum ɗaruruwan kilomita, wannan alheri ne. Sai dai hanyoyin biyu, ta Atbara da ta Kasala, duk a Haya suke haɗuwa. Daga nan zuwa teku maƙogwaro ɗaya ne ta Sinkat da Akaba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 40 tana shaƙar numfashinta ta wannan gangara.

Sannan ga shingaye. Kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma da mota ta ratsa tana da abin da take karɓa, wanda a nan ake kira jibaya, wani da doka, wani kuwa sai dai a ce Allah Ya kyauta. Mutane da yawa suna zaton mai fitar da kaya ne ke biya. Ku zo kasuwar amfanin gona ta Gadarif ku ga yadda ake lissafi. Farashin riɗi a kasuwar duniya ba mu ne ke yanke shi ba. Masu saye a Sin da Turkiyya da ƙasashen Larabawa suna da riɗin Habasha da Tanzaniya da Nijeriya da Indiya a gabansu. Don haka mai fitarwa daga can yake faro lissafi yana dawowa baya: ya cire kuɗin jirgi, ya cire na tasha, ya cire na mai fito da kaya, ya cire na tirela da shingaye, ya ajiye wani abu saboda jinkirin da ya san zai iya faruwa. Abin da ya rage shi yake tayawa kowane kintari, mai nauyin kimanin kilo 45. Ke nan duk kwanan da kwantena ta yi a banza a bakin teku, daga aljihun manomin da ya yi yankan riɗi cikin ranar Oktoba aka zare kuɗinsa, alhali bai taɓa ganin tekun ba. Yawancin danginmu a wannan mataki suke, shi ya sa maganar tasha ta shafe mu kai tsaye.

A cikin tashar ma akwai abin da ya kamata a fahimta. Manyan jiragen kwantena masu zirga-zirga tsakanin Asiya da Turai galibi ba sa tsayawa a Bur Sudan. A Jidda ko wata babbar tasha suke sauke kayanmu, ƙananan jirage su kwaso su ƙaraso da su. Wannan ba abin kunya ba ne, tashoshi da yawa haka suke aiki. Matsalar tana farawa ne idan ƙaramin jirgin ya iso ya tarar injinan ɗaga kwantena rabinsu a tsaye suna jiran kayan gyara. An yi lokutan da jirage suka riƙa kwana da kwanaki a waje suna jiran wurin jingina. Jirgi kuwa ko yana tsaye cin kuɗi yake yi, sai kamfaninsa ya ɗora kuɗin cunkoso a kan kowace kwantena, ko ya rage zuwa. Idan zuwa ya ragu, kwantenar da babu kaya a ciki ta yi wuya, mai riɗi ya rasa abin da zai zuba kayansa. A can ƙetare, tashar Sarki Abdullah da ke arewa da Jidda, wadda ba ta ma kai shekara 10 da fara aiki ba a lokacin, ita ce ta zo ta ɗaya a duniya a ma'aunin saurin aikin tashoshin kwantena na Bankin Duniya na 2021. Teku ɗaya, zafi ɗaya. Bambancin yana wurin gyaran inji a kan lokaci da kuma takarda. Mai fito da kaya, mukhallis kamar yadda ake ce masa a nan, yana iya ƙarar da yini yana yawo tsakanin kwastan da masu duba inganci da masu duba lafiyar tsirrai da banki, kuma kafin ya gama, farashin dalar da kwastan ke lissafi da ita na iya canjawa.

Maganin da gwamnatoci suka fi so shi ne nemo baƙo mai kuɗi. A Disambar 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci Sawakin, aka ba ƙasarsa aikin farfaɗo da tsohon tsibirin. A Maris na 2018 aka sanar da yarjejeniyar dala biliyan 4 da Katar don bunƙasa tashar Sawakin. A farkon 2019, gwamnatin Bashir tana cikin tsananin neman kuɗi, aka ba kamfanin ICTSI na ƙasar Filifin tashar kwantena ta kudu na shekara 20, ya biya kafin alƙalami na yuro miliyan 410. Ma'aikata suka tsunduma yajin aiki, Bashir ya faɗi a Afrilu, majalisar sojan da ta gaje shi ta dakatar da yarjejeniyar, ƙasa ta koma biyan bashin kuɗin da aka riga aka karɓa. A Disambar 2022 kuma aka sa hannu da AD Ports ta Abu Dabi da kamfanin Invictus a kan sabuwar tasha a Abu Amama, kimanin kilomita 200 arewa da Bur Sudan, dala biliyan 6, haɗe da yankin masana'antu da gonaki a Abu Hamad da hanyar da za ta haɗa su. Wata huɗu bayan haka yaƙi ya ɓarke. A Nuwambar 2024 ministan kuɗi Jibril Ibrahim ya sanar da soke ta, yana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar AD Ports, da taimaka wa dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, zargin da ita ta musanta.

Ni ba na cikin masu cewa kada baƙo ya taɓa tasha. Kamfanonin waje ne ke tafiyar da wuraren kwantena a Jidda da Legas da sauran wurare, kuma tasharmu tana buƙatar kuɗi da ƙwarewar da ba mu da su. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ƙulla waɗannan yarjejeniyoyi a ɗaki, ba a nuna wa ma'aikata ba, ba a nuna wa mutanen gabas ba, babu majalisar da ta tattauna su. Abin da aka ƙulla a haka, duk gwamnatin da ta biyo baya tana iya kwance shi, kuma ta kwance. Duk mai jarin da ke kallo daga nesa ya ga yadda aka ƙare da na Filifin, ya rubuta a littafinsa.

Dole a yi wa mutanen Beja adalci a wannan magana. Ƙasarsu ce tashar take zaune a kai. Su ne mafi yawan 'yan dakon da ke aiki ƙungiya-ƙungiya, abin da ake kira kalla, suna sauke buhuna daga cikin jirgi a zafin da kan haura digiri 45. Dukiyar ƙasa tana wucewa ta ƙofar gidansu dare da rana, amma ƙauyukansu na cikin mafi talauci da ƙarancin makaranta da asibiti a Sudan. A Janairun 2005 jami'an tsaro sun kashe masu zanga-zanga fiye da 20 a Bur Sudan. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Asmara ta 2006, tsakanin gwamnati da 'yan tawayen gabas, ta yi alkawarin asusun dala miliyan 600 don raya gabas, mutanen yankin kuwa har yau suna tambayar inda kuɗin ya shiga. Kwantena kanta barazana ce ga ɗan dako, domin inji ɗaya yana yin aikin kalla guda. Ruwa ba ya tsami banza. Da majalisar sarakunan Beja ƙarƙashin Nazir Tirik ta toshe tasha da hanya a tsakiyar Satumbar 2021, tana adawa da ɓangaren gabas na yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta 2020, mutane da yawa a gabas sun fahimci fushin ko da ba su yarda da hanyar ba. Toshewar ta kai farkon Nuwamba. Burodi da magani suka yi wuya a Khartum. Illar da ta fi daɗewa ita ce 'yan kasuwa sun koyi wata hanyar: su sauke kaya a tashoshin Masar su shigo da su ta mota ta Argin da Ashkit. Wanda ya saba da sabuwar hanya ba ya dawowa don kawai an ce masa an buɗe tsohuwar. Muddin mutanen gaɓa ba su ga rabonsu a fili ba, a rubuce, cikin kuɗin shigar tasha da guraben aiki da horon matasansu a kan sababbin injina, to shinge a Akaba zai ci gaba da zama makamin da ya rage musu.

Harkar dabbobi ta isa misali ita kaɗai. A kasuwannin Saudiyya ragon Sudan sunansa Sawakini, duk da cewa a Kurdufan aka haife shi, irin Hamari ne ko na Kabbashi. Tafiyarsa daga kasuwanni irin su Al-Khuwai zuwa wurin killace dabbobi na Sawakin doguwa ce, yana ramewa a hanya, wani ya mutu a cikin mota. A 2019 Saudiyya ta dakatar da shigo da dabbobin Sudan saboda zazzaɓin Rift Valley, bayan an buɗe kuma an sha dawo da jirage cike da tumaki saboda gwajin rigakafi bai cika sharaɗi ba. A Yunin 2022 jirgin Badr 1 ya nutse a bakin Sawakin da tumaki 15,800, alhali ƙarfinsa 9,000 ne, kimanin 700 kaɗai aka ceto. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar dala biliyan kafin a gyara shi. Allurar rigakafi mai kyau da firjin ajiye ta, mashaya da inuwa a zangon motoci, da jami'in da zai tsaya a bakin jirgi ya ƙirga ya ce ya isa haka. Da akwai mayanka ta zamani da ɗakunan sanyi a gaɓa, da nama za mu riƙa aikawa, fata da kayan ciki da aikin yi su zauna a gida.

Amma mayanka da ɗakin sanyi ruwa da wuta suke sha, a nan kuwa gizo ke saƙar. Tsakanin Bur Sudan da Sawakin an keɓe yankin ciniki maras haraji don jawo masana'antu. Rangwamen haraji abu ne mai kyau, sai dai mai masana'anta kafin ya tambayi haraji sai ya tambayi famfo. Bur Sudan gari ne da ake sayen ruwa a jarka daga amalanken jaki da tankoki, farashinsa na tashi da bazara. Alkawarin janyo ruwan Nilu daga wajen Atbara ya tsufa a bakin 'yan siyasa. Madatsar Arba'at da ke arewa da gari, wadda ita ce babbar madogara, ta fashe a ƙarshen Agustan 2024 bayan mamakon ruwan sama, ta share ƙauyuka kimanin 20, ta kashe mutane, ta bar birnin da ƙishirwa. Wuta kuwa har sai da aka ɗauko hayar jirgin ruwa mai injin lantarki daga Turkiyya ya jingina a bakin gari. Ga teku a gaba da za a iya tacewa, ga rana da ba ta fashi, ga iska mai ƙarfi a gaɓa. Ina ganin duk yarjejeniyar tasha da za a sake ƙullawa, a sa injin tace ruwan teku da tashar wutar rana cikin sharuɗɗanta na farko, kuma bututun ya shiga unguwanni, kada ya tsaya a katangar tasha.

Maƙwabta huɗun nan da muke alfahari da su fa? Habasha, mai mutum sama da miliyan 100, fiye da kashi 90 cikin 100 na kayanta ta Jibuti suke bi, kuma tun 2018 jirgin ƙasa mai lantarki ke aiki tsakanin Addis Ababa da can. Arewacinta, wajen Gondar, yana da hanya ta Matama da Gallabat zuwa Gadarif, Gallabat ɗin da Takarir, mutanen yammacin Afirka, suka taɓa yin sarauta a cikinta. An sha shigo da takin Habasha ta Bur Sudan, amma rikicin iyakar Fashaga daga ƙarshen 2020 ya sanyaya gwiwa. Chadi har yau Duwala ta Kamaru take dogaro da ita duk da nisa, maganar miƙa layin dogo daga Darfur zuwa cikinta kuwa ba ta wuce takarda ba. Sudan ta Kudu ce kaɗai ke ɗaure da mu, saboda bututun mai na kimanin kilomita 1,600 da aka kammala a 1999 da na biyun da ya biyo baya duk a Basha'ir suke ƙarewa. Ko ita, a 2012 ta gwammace ta rufe rijiyoyinta fiye da shekara guda a kan rigimar kuɗin wucewa, a 2024 kuma bututu ya lalace a yankin da ake yaƙi, man ya tsaya kusan shekara. Shi ya sa Juba ba ta daina maganar neman wata hanya ta Kenya ko Jibuti ba.

Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ɗora wa gaɓa nauyin da ba a gina ta dominsa ba. Ta nan aka kwashe dubban baƙi zuwa Jidda a makonnin farko. Gwamnati da bankuna da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji duk suka tare a Bur Sudan, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, makarantu suka zama masaukin 'yan gudun hijira. 'Yan'uwanmu daga Jazira da Sinnar na cikinsu, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 da Sinja a tsakiyar 2024. Dajin ƙaro na Kurdufan da Darfur ya yanke daga teku, alhali kafin yaƙi Sudan ce ke ba duniya kusan kashi 70 cikin 100 na ƙaron da ake sa wa lemon kwalba da alewa da magani, kayan da ko takunkumin Amurka bai taɓa ba. Yanzu wani kaso nasa ta iyakokin Chadi da Sudan ta Kudu da Masar yake sulalewa, a sayar da shi da sunan wata ƙasa. Hare-haren 'yan Husi na Yaman a kan jirage daga Nuwambar 2023 sun sa manyan kamfanoni zagayawa ta kudancin Afirka, Bahar Maliya ta rage cika. Sai ranar 4 ga Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka fara faɗa wa Bur Sudan kanta, filin jirgin sama da rumbunan mai da tashar wuta, hayaƙi ya yi kwanaki yana tashi a kusa da tashar kudu. Kamfanonin inshora ba sa mantuwa da irin wannan hoto, kuma kuɗin da suke ƙarawa, kamar sauran, yana gangarowa har kan kintarin manomi.

Babu mai kawo jari na gaske ana harbi, wannan kowa ya sani. Amma ranar da aka ajiye makamai za a sake zuwa da manyan taswirori na sababbin tashoshi, kuma a nan nake so mu buɗe ido. Kafin a haƙa sabuwar tasha a inda babu gari, babu ruwa, babu hanya, a fara gyara injinan tashar kudu tare da ajiye kayan gyaransu a sito. A haɗa kwastan da masu duba inganci da banki a taga ɗaya ta kwamfuta, a lissafa kuɗin hanya gaba ɗaya a biya shi sau ɗaya a inda aka yi lodi, jihohi su raba a tsakaninsu. An taɓa yin tashar tudu a Kosti da wurin ajiye kwantena a Soba, to Gadarif ta fi cancanta da irinta: a auna riɗi, a duba shi, a zuba a kwantena, kwastan ya buga hatimi tun a can, ya zama ba a sake buɗe ta sai a ƙasar mai saye.

Kwantenar da aka rufe a Gadarif kuwa a kan ƙarfe ya kamata ta hau. Hanyar tsohon layin tana nan, daga Haya ta Kasala zuwa Gadarif har Sinnar, ba sai an biya diyyar sabon fili mai yawa ba, ko da yake ƙarafun da gadojin sai an sake su. Tana ratsa ƙasar riɗi da dawa, da lambunan Kasala masu albasa da ayaba, tana kuma kusa da ƙofar Habasha ta Gallabat. Kawu ya ce yana yaro mahaifinsa kan kai buhuna tashar jirgin ƙasa a kan raƙumi, a ba shi takarda mai ɗauke da ranar da kayan za su isa Bur Sudan, ya naɗe ta ya sa a aljihun gaba ya koma gona.